Yadda ake auna girgizar inji ba tare da an kama bugun bogi ba

Duk wanda ya daɗe a inda injuna ke aiki ya san yadda tsohon bakanike yake duba boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da shaf, sandar juyin inji, ke juyawa a cikinsa. Yakan dafa bakin sukudireba a kan gidan boris ɗin, ya kara ƙotar a kunne, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce "lafiya lau" ko kuma "wannan ya kusa". Hanya ce ta gaskiya, ba abin rainawa ba. Illarta ɗaya ce: kafin kunne ya ji ƙarar, boris ya riga ya yi nisa. Sensar auna girgiza kuwa tana jin ciwon tun yana ɗan tabo a jikin ƙarfe. Amma sai an haɗa ta daidai. In ba haka ba, abin da zai fito a kwamfuta zane ne mai kyan gani wanda ba ruwansa da injin, kuma a kansa sai a kwance lafiyayyen moto.

A Jos injunan da ke buƙatar wannan kulawa suna da yawa: na niƙa, na tsaga katako, famfunan tura ruwa, fankokin masana'antu, injunan fasa dutse da na tace kuza ta wajen Bukuru, ga janareta a kusan kowane asibiti da otal. Kayan awon ma sun fara shigowa hannun matasan injiniyoyi da ɗalibai, wasu sababbi, wasu na hannu. Abin da ke damuna shi ne ana zuba kuɗi a kan akwatin tattara bayanai, ana sakaci da abin da ke gabansa: inda aka ɗora sensa, wayar da ta ɗauko saƙon, da saurin da aka ɗiba. A nan mafi yawan sakamakon ƙarya ke samo asali, kuma babu manhajar da za ta gyara shi daga baya.

Lissafi kafin sayayya

Ruwa ba ya tsami banza, haka ma girgiza. Kowane ciwo a inji mai juyawa yana da nasa bugun, wato sau nawa yake maimaita kansa a sakan guda, abin da ake rubutawa da Hz. Bugun da kake farauta shi zai zaɓa maka sensa, ya zaɓa maka yadda za ka manna ta, ya kuma faɗa maka saurin ɗiba.

Ɗauki moton lantarki irin mai juyi kusan 1,500 a minti. A farantin jikinsa za ka ga an buga wani abu kamar 1475 rpm, wato juyi 1,475 a minti. Raba da 60, ka sami 24.6 Hz. Wannan shi ne bugun juyi ɗaya, kuma daga gare shi duk sauran lissafi ke fitowa. Idan fanka ko fuli ya fi nauyi a gefe guda, a 24.6 girgizar take tsayawa. Idan shaf ɗin moto da na famfo ba su miƙe da juna ba a kofulin, wato mahaɗarsu, sau da yawa ninki biyu ne ke tashi, wato 49.2, kuma girgizar takan yi ƙarfi ta tsawon shaf. Idan noti ya saki a ƙafa ko boris yana rawa a gidansa, sai ka ga jere: ninki biyu, uku, huɗu, biyar. Famfo mai farfela mai fiffike shida yana da nasa a 147.5.

Boris ya bambanta da waɗannan duka, domin bugunsa ba ya faɗawa a kan cikakken ninki. Boris mai lamba 6205, wanda ya cika ƙananan motoci na lantarki, yawanci ƙwallo tara ne a cikinsa. Tabo a zobensa na waje yana bugawa sau 3.58 a kowane juyin shaf, na zoben ciki kuma sau 5.42. A moton namu, wannan ya zama 88 Hz da 133 Hz. Idan ba ka da lambobin wani boris, ninka yawan ƙwallayensa da 0.4 don zoben waje, da 0.6 don na ciki, za ka faɗa kusa. Sai dai a kula, lamba ɗaya a jikin kwali ba ta tabbatar da yawan ƙwallo ɗaya ba, kamfanoni sukan bambanta. Ranar da aka canza boris, in buɗaɗɗe ne, a ƙirga ƙwallayen a rubuta.

Ga inda awo mai sauri ya shigo. Lokacin da tabon yake ƙarami, ba za ka ga komai a 88 Hz ba. Duk ƙwallon da ya taka tabon kamar an ɗan ƙwanƙwasa ƙarfe ne da ƙaramar guduma, sai gidan boris ya yi amo a sama can, a dubban Hz, ya mutu nan take, ya jira ƙwallo na gaba. Don haka dole a ɗauko wannan amo na sama tukuna. Manhaja ta yanko wani yanki, misali daga 2,000 zuwa 10,000 Hz, ta bi tashi da faɗuwar amon, ta ƙirga sau nawa yake tashi a sakan. Dabarar ke nan da ake kira enbelof, kuma a cikinta 88 ɗin ke bayyana. Awo biyu ke nan a kowane wuri: na lafiyar inji gaba ɗaya, daga 10 zuwa 1,000 Hz, a milimita cikin sakan, da na boris, har zuwa 10,000 Hz, a ma'aunin g, wato ƙarfin fizga da ake gwadawa da jan nauyin ƙasa.

Sensar kanta

Wadda ta fi yawa a masana'antu ita ce mai ɗan dutse a ciki wanda ke fitar da wuta idan an matsa shi, abin da Pierre da Jacques Curie suka gano a 1880. An haɗa mata ɗan abin ƙara ƙarfin saƙo a cikin jikinta, ana kiran irinta IEPE. Kamfanin PCB yana kiran tasa ICP, abu ɗaya ne. Waya biyu kacal take da su, ta nan wuta ke shiga, ta nan saƙo ke fita.

Ta yau da kullum tana ba da 100 mV, wato kashi ɗaya cikin goma na volt, a kowane g, iyakarta g 50, wato volt 5. Ta wadatar wa moto, famfo da fanka. A kan injin fasa dutse ko injin niƙa mai guduma kuwa, bugu ɗaya na iya wuce g 50, sai saƙon ya cika ya yanke a sama, kuma wannan yankewar tana watsa datti a duk faɗin zanen. Can ana son mai 10 mV, wadda ke ɗaukar g 500. Inji mai juyi a hankali, kamar ganga mai juyi 60 a minti, yana son mai 500 mV, don girgizarsa ba ta da ƙarfi a ma'aunin g.

Abu biyu za ka duba a takardarta kafin ka biya. Na farko zafi: galibinsu suna tsayawa wajen digiri 120, saboda haka kusa da salansar janareta ba wurinsu ba ne. Na biyu, a tabbata jikinta na waje a raba yake da wayar saƙo. Amfanin wannan zai fito idan mun zo maganar waya.

Inda aka ɗora ta, da yadda aka ɗora

Sensa mai kyau da aka ɗora a banza ba ta fi mai arha ba. Wurin da ake nema shi ne ƙarfe mai kauri mafi kusa da boris, inda babu gaɓa ko roba tsakaninsa da gidan boris ɗin. Murfin fankar moto ba wuri ba ne, gwangwani ne mai rawar kansa. Haƙarƙarin sanyaya jikin moto ma haka. A kowane boris ana auna ta fuska uku: a kwance, a tsaye, da ta tsawon shaf. Na kwance yakan fi nuna rashin daidaiton nauyi, na tsawon shaf kuma karkacewar kofulin.

Yadda aka riƙe ta shi ke yanke iyakar abin da za ta ji. Idan da hannu aka danna ta da tsinke, kada a yarda da komai sama da 1,000 Hz, wani lokaci ma 500. Mayen ƙarfe mai ƙafa biyu, irin wanda ke zama a kan jiki mai lanƙwasa, yana kaiwa wajen 2,000. Shimfiɗaɗɗen mayen ƙarfe a kan goggen wuri ya ɗara shi. Amma cikakken 10,000 Hz sai da ɗan bolti mai zare, an ɗaure sensar a jikin ƙarfen. Wanda yake neman ciwon boris tun yana ƙarami da tsinke a hannu, ya ɓata lokacinsa kawai, kuma abin da ya fi muni, rawar tsinken kanta za ta fito masa kamar tsini a zane.

Ɗaurin bolti yana da ƙa'ida. A kankare fenti da tsatsa, a goge wurin ya kwanta sumul, faɗinsa ya ɗan fi gindin sensar. A huda a tsaye cak, a yanka zare, a kula kada ramin ya ratsa zuwa boris. Boltin kada ya taɓa ƙasan ramin, domin in ya taɓa, sensar za ta zauna a kan bolti ne maimakon ƙarfe, za ka ji ta ɗauru alhali akwai rata. A shafa ɗan giris siriri a gindinta, a ɗaure gwargwadon ƙarfin da takardarta ta faɗa. Inda mai inji bai yarda a huda ba, a manna ɗan faifan ƙarfe da gam mai tauri irin mai haɗi biyu, a bar shi nan dindindin. Gam mai laushi da salatif mai fuska biyu suna shanye amon sama.

Mayen ƙarfe kuwa kada a bar shi ya fizge kansa ya bugi inji. A sa gefe ɗaya tukuna, a kwantar da shi a hankali. Wannan bugun na fizga yana kaiwa dubban g, yana rikita sensa na ɗan lokaci, yana kuma iya kashe ta. Bayan an ɗora, a gwada girgiza shi da yatsa. In yana rawa, akwai yashi ko ƙurar ƙarfe a ƙarƙashinsa. A sa alamar fenti a wurin, don wata mai zuwa a dawo daidai nan.

Kafin a matsa kusa da fuli ko bel, a tuɓe babbar riga, a naɗe hannun riga, mace ta ɗaure mayafi tam. Waya kuma ba a naɗe ta a hannu ko a rataya ta a wuya. In shaf ya kama ta, gara ya tafi da ita ita kaɗai.

Waya

Akwatin yana tura wa sensar IEPE wuta tsayayyiya ta 2 zuwa 4 mA daga tushe mai volt 18 zuwa 30. Idan komai lafiya, sensar takan zauna a wajen volt 8 zuwa 12, saƙon girgiza yana hawa yana sauka a kan wannan. Wannan lamba ita ce abu na farko da za ka duba, kafin kowane zane. In ka ga sifili, wayoyin biyu sun haɗe a wani wuri, galibi inda aka taka ko ƙofa ta matse. In ka ga ta haura zuwa ƙarfin tushen, wajen 24, waya ta tsinke ko soket bai shiga ba. In tana yawo, sama da ƙasa, ruwa ko datti ya shiga soket, ko kuma sensar ta fara mutuwa. Da damina a Jos, musamman watan Agusta, danshi a soket shi ne na farko da za a zarga. Da hunturu kuma ƙura ce. Soket na waje yana son rigar roba da ɗan man silikon. Wayar da za ta kwana a waje ta ratsa tsakanin gine-gine tana son kariyar tsawa, domin tsawar Filato ba ta wasa da kayan lantarki.

Doguwar waya tana cin amon sama. Irin wayar da aka saba tana da kimanin pF 100 a kowace mita, wato ma'aunin wutar da wayar kanta ke tarawa. A mita 100, da wutar 2 mA, cikakken saƙo na volt 5 zai fara lalacewa tun wajen 3,200 Hz. Ɗaga wutar zuwa 4 mA, iyakar ta koma wajen 9,500. Saboda haka idan akwatinka 2 mA yake bayarwa, kawo akwatin kusa da inji, ka tsawaita wayar kwamfuta maimakon ta sensa. A mita 5 ko 10 babu wannan damuwar.

Sai babbar annoba, wato wutar gida da ke kutsawa cikin saƙo. Alamarta tsini ne siriri a 50 Hz daidai, sau da yawa da 'yan rakiya a 150 da 250. Hanyoyin shigarta sanannu ne. Ko an shimfiɗa wayar sensa a jere da kebul ɗin moto. A raba su, in dole ne su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa. Ko kuma rigar wayar, wato saƙar ƙarfen da ke kewaye da ita, ta taɓa ƙasa a kai biyu, a jikin inji da kuma a akwati. Da yake wayar ƙasa a gine-ginenmu da yawa ba ta da inganci, jikin inji da soket ɗin bango ba sa zama daidai, sai wuta ta riƙa bin rigar. A haɗa rigar da ƙasa a kai ɗaya kawai, wajen akwati, kuma nan ne amfanin sensa mai raben jiki. Cajar kwamfuta ma babbar ƙofa ce, balle a kan inbata mai arha. Zare cajar, ka auna da batir, ka ga ko tsinin ya faɗi. Inda moto ke aiki da VFD, na'urar sarrafa gudu, a sa ran wata hayaniyar a dubban Hz, daidai yankin da ake neman amon boris.

Akwai kuma abin da sanyin Jos ke jawowa. Safiyar Disamba ko Janairu, sensa ta kwana a jaka ta yi sanyi ƙalau, a ɗora ta a jikin moto mai zafi, a danna ɗiba nan take. Dutsen cikinta yana amsa canjin zafi kamar girgiza mai jan jiki. Da yake ana samun milimita cikin sakan ne ta raba g da bugu, ƙaramin kuskure a 1 ko 2 Hz yana kumbura ya zama tudu a farkon zane mai gangarowa dama, jimillar awon kuma ta yi sama. A ba ta minti ɗaya ko biyu ta ɗauki zafin injin, a kuma yanke duk abin da ke ƙasa da 10 Hz, ko 2 Hz ga inji mai juyi a hankali.

Saurin ɗiba

Akwatin ba ya kallon saƙo a jere, ɗiba yake yi, sau dubbai a sakan. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Nyquist ta ce saurin ɗiba dole ya wuce ninki biyu na bugu mafi girma da ke cikin saƙon. Na'urorin girgiza sun saba da 2.56. Don ganin 10,000 Hz, ɗiba 25,600 a sakan. Akwati irin NI 9234, mai ƙofa huɗu, yana ɗiba 51,200 a kowace ƙofa, ya kai 20,000 Hz ke nan.

A lura da lafazin: bugu mafi girma da ke cikin saƙon, ba wanda kai kake so ba. Abin da ya wuce rabin saurin ɗiba ba ɓacewa yake yi ba, rikiɗa yake yi ya dawo ƙasa da wata fuskar. Shi ne abin da ke sa tayar mota a bidiyo ta zama kamar tana juyawa baya. Idan kana ɗiba 1,000 a sakan, inji kuma yana da girgiza a 900 Hz, za ta fito maka a 100 Hz, tsaf, ba alamar komai. To 100 Hz kuwa ita ce sananniyar alamar matsalar lantarki a moto, ninki biyu na wutar layi. Da haka ake kai lafiyayyen moto wurin masu riwayin. Maganin shi ne rariyar da ke tare bugun sama kafin a ɗiba, a cikin akwatin kansa. Bayan an ɗiba, bakin alƙalami ya bushe. Duk akwatin da takardarsa ba ta ambaci wannan rariya ba, a ɗauka ba shi da ita. Gwajin gane bogi mai sauƙi ne: canza saurin ɗiba ka sake aunawa. Tsinin gaskiya yana nan inda yake, na bogi zai ƙaura.

A karanta lambar sauri da kyau. Wasu akwatunan na'urar ɗiba ɗaya ce ke zagaya ƙofofi, sai a rubuta 250,000 a sakan, alhali in ka buɗe ƙofa takwas kowace 31,250 take samu, kuma ba lokaci guda ake ɗibarsu ba. Ga wanda zai kwatanta motsin boris biyu, ko zai daidaita nauyin fanka, wannan 'yar tazarar tana karkata sakamako. Yana buƙatar mai ɗibar duk ƙofofi tare.

Daga nan lissafin FFT, wanda ke fitar da ƙarfin kowane bugu a zane, yake rarraba saƙon zuwa layuka. Tazarar layi ita ce iyakar sama a raba da yawan layuka, tsawon lokacin ɗiba kuma yawan layuka ne a raba da iyakar. Ga inda wannan ke da muhimmanci. Moto mai juyi 2,950 a minti yana da juyi ɗaya a 49.17 Hz, ninki biyu a 98.33. Bugun lantarki yana 100. Tsakaninsu 1.67 ne kacal, ɗaya na nufin kofulin, ɗaya na nufin kwayil ko ratar cikin moto. Da iyaka 2,000 da layi 800, tazarar layi 2.5 ce, sai su narke su zama tsini ɗaya. Sauke iyakar zuwa 400, ka sa layi 1,600: tazara 0.25, ɗibar sakan 4, sai ga su biyu a rabe. A sa tagar Hanning, wani zaɓi a manhajar da ke lallashe bakin ɗiba, ga inji mai gudun da ba ya canzawa, a haɗa ɗiba huɗu zuwa takwas a fitar da matsakaici. In har yanzu ana shakka, a kashe wutar moton ana kallon zanen: na lantarki yana ɓacewa nan take, na ƙarfe yana sauka a hankali tare da gudun.

Kada a dogara da gudun da ke rubuce a faranti. Wutar layi ba kullum take zama a 50 cif ba, janareta ma yana sauka idan kaya ya yi masa nauyi, gudun moto kuma yana bin su. A manna ɗan salatif mai ƙyalli a shaf, a sa na'urar ƙirga juyi mai haske a ƙofa ɗaya ta akwatin, a ɗibi gudun tare da girgizar.

Janareta da ma'aunin hukunci

Janaretan dizal mai juyi 1,500 yana da tarko nasa. Juyi ɗaya 25 Hz ne. Mai silinda shida yana kunna wuta sau uku a juyi, 75 Hz. Mai silinda huɗu kuwa sau biyu, 50 Hz, daidai kan bugun wutar da yake samarwa. To tsinin 50 ɗin na fistin ne ko kutsen waya? Cire sensar daga jikin injin, ka ɗora ta a kan soso, wayar tana nan inda take, janareta yana aiki. Abin da ya rage a 50 na waya ne. Idan kuma 12.5 Hz da ninkinsa suka tashi fiye da yadda aka saba, wata silinda ba ta ƙona mai daidai da 'yan'uwanta, a duba nozul.

Don hukunci a kan moto da makamantansa akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa ISO 10816-3, wanda yanzu ya koma 20816-3. Ga inji mai ƙarfin kW 15 zuwa 300 da ke zaune a kan tsayayyen tushe, ƙasa da 1.4 mm/s kamar sabo ne, har zuwa 2.8 yana iya aiki ba fargaba, daga 2.8 zuwa 4.5 a shirya gyara, sama da 4.5 ɓarna ake yi. Waɗannan lambobi ba na janaretan dizal ba ne, shi girgiza halinsa ce, nasa ma'aunin ISO 8528-9 ne. Kuma jimillar mm/s tana iya zama 1.5 alhali boris yana ci a ɓoye, shi ya sa awon sama ba ya zama na ganin dama.

Ƙananan alluna, da abin da za a adana

Ɗalibai da yawa suna farawa da ƙaramin allon Arduino Uno da sensar MPU6050 ko ADXL345, kuma ina ganin haka daidai ne muddin an san iyakarsu. MPU6050 ba ta wuce wajen 260 Hz, ADXL345 tana kaiwa 1,600. Za su nuna rashin daidaiton nauyi da karkacewar kofulin a moto mai 1,500, ba za su ji farkon ciwon boris ba. Mai son wannan da kuɗi kaɗan ya nemi ADXL1002, wadda ke kaiwa wajen 11,000 Hz, da na'urar ɗiba ta daban. Ta Uno tana raba volt 5 gida 1,024, kowane mataki 4.9 mV, kusan g 0.05 a sensa mai 100 mV. Akwati mai bit 16 a kan volt 10 sama da ƙasa matakinsa 0.3 mV ne. Kada kuma a haɗa sensar IEPE mai wuta kai tsaye da ƙafar Uno, volt 10 ɗin da take zaune a kai ya fi ƙarfin ƙafar. Sannan ɗibar ta kasance bisa agogon allon, tazara daidai wa daida; wadda ake yi a cikin zagayen shiri tare da tura rubutu zuwa kwamfuta tana tsalle, FFT kuma ba ya yafe wannan.

Irin waɗannan ƙananan sensa suna jin nauyin ƙasa, don haka gwajinsu a tebur ne: a kwance ta nuna g 1, a kife ta nuna g 1 ta ɗaya gefen, bambanci 2. IEPE ba ta jin abin da ba ya motsi, sai da ɗan injin gwaji mai girgiza a 159.2 Hz. An zaɓi wannan lamba ne don a nan mita 10 cikin sakan a sakan ya yi daidai da 10 mm/s, gwaji ɗaya ya tabbatar da ma'auni biyu. Sensar da ta faɗi a siminti a gwada ta kafin a sake yarda da ita.

Ƙofa huɗu a 51,200, kowace ɗiba bayit 4, sun kai kusan gigabayit 3 a awa, wajen 70 a yini. Ba wanda ke buƙatar haka. Sakan 10 a kowane wuri, sau ɗaya a wata, ya isa ga yawancin injuna, a matso zuwa mako-mako idan lamba ta fara hawa. A adana ɗanyen saƙon, ba hoton zane kawai ba, a rubuta tare da shi kwanan wata, wuri, fuska, gudu, nauyin kaya, irin ɗaurin sensa, da ko wutar layi ce ko ta janareta. Injin niƙa da aka auna babu hatsi a ciki ba a kwatanta shi da wanda aka auna yana ci.

Idan awon sama ya tashi amma enbelof bai nuna 88 ko 133 a fili ba, kada a yi saurin kwance boris. A sa giris gwargwado, ba a cika gidan ba, domin yawansa ma zafi yake kawowa. A auna bayan minti 30, a sake aunawa washegari. In ya sauka ya zauna, ƙishirwar giris ce. In ya sauka sannan ya dawo inda yake cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙarfen ya riga ya tabu, a sayo boris a ajiye, a tsayar da ranar canji da mai injin.